Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Lacca Kan Rikicewar Mai Cutar Parkinson Farat Ɗaya

Iyayena maza da mata da ke wannan zaure, abokan aikina na asibiti, da ku 'yan uwa masu jinya da kuka ajiye harkokinku kuka zo, barkanku da zuwa. Waɗanda kuma suka zo da ciwon a jikinsu, sannunku, Allah Ya ƙara sauƙi.

Akwai wata magana da muke yawan ji a ɗakin duba marasa lafiya, ita ce ta kawo ni gabanku yau. Za a turo dattijo a keke, ko a riƙo shi ta kafaɗu biyu, sai babban ɗansa ya ce: "Likita, jikin Baba ne ya tashi. Ran Juma'a da ƙafarsa ya je masallaci, amma tun Litinin ko juyi a kan gado ba ya iyawa." Uwargida kuma ta ƙara da cewa: "To, dama an faɗa mana gaba ciwon zai riƙa yi." In ka dubi fuskokinsu sai ka ga sun riga sun sallama, sun zo ne don kada a ce ba a kawo shi ba. Ni kuwa in na ji haka, hankalina ba ya fara zuwa kan cutar Parkinson. Fitsarin Baba nake tunani, da ƙirjinsa, da ranar da ya yi bayan gida na ƙarshe, da ledar magungunan da aka baro a gida.

Dalili kuwa, wannan cuta tafiyar hawainiya take yi. Tun a 1817, da likitan nan na Landan, James Parkinson, ya bayyana ta bayan ya lura da mutum shida, ya nuna cewa farkonta a ɓoye yake har mai ita ba ya iya tuna lokacin da ta soma. Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da ke sarrafa sinadarin dofamin, wanda shi ne ke sa motsi ya zo da laushi da sauri. Ƙwayoyin wannan wuri ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma kafin hannu ya fara karkarwa an riga an yi asarar kusan rabinsu ko fiye, cikin shekaru. Saboda haka ma'aunin cin gabanta shi ne bara da bana: bara yana ɗaura igiyar wandonsa da kansa, bana sai an taya shi. Ku tuna ɗan damben nan Muhammad Ali. A 1984 aka tabbatar masa da cutar, a 1996 duniya ta gan shi ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa, bai rasu ba sai 2016. Shekara talatin da biyu ke nan. Akwai wasu cututtuka masu kama da ita da suka fi ta sauri, amma su ma da watanni ake lissafinsu.

To in mutum ya faɗi warwas cikin kwana biyu ko uku, ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne dabam ya shigo ya hau kan cutar, kuma galibi abin yana da magani. Mai wannan ciwo kamar magidanci ne da rumbunsa ya kusa ƙarewa. Baƙi biyu da maƙwabcinsa zai sauke bai ji a jikinsa ba, shi in suka sauka a gidansa sai iyali su kwana da yunwa. Zazzaɓin da ni da kai za mu sha Panadol mu fita kasuwa, shi sai ya ɗaure shi a gado. Aikinmu shi ne mu gano wane baƙo ne ya sauka.

Baƙon da ya fi yawan sauka shi ne ƙwayoyin cuta, musamman a mafitsara. Cutar Parkinson tana taɓa jijiyoyin da ke sarrafa mafitsara, tsofaffin maza kuma ga matsalar toshewar hanyar fitsari da shekaru ke kawowa, sai fitsari ya riƙa kwana bai fita duka ba, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Abin da ke yaudarar iyali shi ne tsoho ba lalle ya yi zazzaɓi ba, ba lalle ya ce fitsari na yi masa zafi ba. Abin da za a gani shi ne ya daina tashi, barci ya yi yawa da rana, da dare yana sambatu, ko ya fara jiƙa shimfiɗa alhali da ba ya yi. Shi kansa Muhammad Ali, a watan Disamba na 2014 an kwantar da shi a asibiti ana zaton ciwon huhu ne, daga baya aka gano ciwon hanyar fitsari ne mai tsanani. Gwajin fitsari ba shi da tsada, kuma kusan duk asibitin da ke da ɗakin gwaji yana yin sa. Ina roƙonku, ku riƙa neman a yi shi.

Sai ƙirji. Maƙogwaron mai wannan ciwo yana rage sauri kamar yadda ƙafarsa ta rage, don haka ruwa ko koko ko miyau kan ɓace hanya ya gangara huhu. In kun ga yana yawan ƙwarewa in yana sha, ko muryarsa ta zama kamar akwai ruwa a wuya bayan cin abinci, ku faɗa wa likita tun kafin abin ya zama limoniya, domin ciwon huhu irin wannan yana sahun gaba cikin abubuwan da ke ajalin masu cutar. A zaunar da shi sosai lokacin cin abinci, kada a ɗura masa abu yana kwance, kada kuma ya kishingiɗa da zarar ya gama. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san aikinsa a damina. Sai dai shi ne yake buɗe ƙofar abin da na fi so mu tsaya a kansa.

Ku bi ni a wannan misali, domin irinsa na faruwa. Hajiya tana da cutar shekara shida, tana shan maganinta, tana girkinta kaɗan-kaɗan. Zazzaɓi ya kama ta da amai. Aka kira mai kyamis na unguwa, ya yi mata allurar tsayar da amai, Plasil ko Maxolon, ko ya ba ta Stemetil ko Phenergan. Amai ya tsaya, kowa ya yi hamdala. Washegari Hajiya ta sandare kamar itace, baki ya ƙi buɗuwa sosai, miyau na dalala. Ga zazzaɓi, ga rashin ruwa a jiki, da dare ta ruɗe tana fizge-fizge. Aka sake kiran mai allura, ya ce bari a kwantar mata da hankali, ya yi mata Largactil ko Haldol. Daga nan ko haɗiyar ruwa ta gagara. Kowane mataki da kyakkyawar niyya aka ɗauke shi, kuma kowane mataki ƙara tura ta rami ya yi. Waɗannan magunguna duka suna toshe wuraren da dofamin ke sauka a ƙwaƙwalwa. Ɗan abin da ya rage mata, da wanda maganinta ke kawowa, an rufe masa ƙofa. Haka ma Stugeron da ake bayarwa don jiri, shi ma yana iya ƙara sandarewa. Ba na faɗin wannan don a ga laifin mai kyamis kaɗai. A asibiti ma in ba a sanar da ma'aikaci cewa mutum na da cutar ba, ko aiki ya yi masa yawa bai duba kati ba, hakan na iya faruwa. Akwai magungunan amai da ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, likita ya san su, ya kuma san wanda zuciyarsa ba za ta ɗauke su ba. Abin da ke kanku shi ne kafin allura ta taɓa jikinsa ko ƙwaya ta shiga bakinsa, ku ce: "Yana da cutar Parkinson, wannan ya dace da shi?"

Yanzu mu zo kan maganin cutar shi kansa, wato lebodofa, wanda kuka sani da sunan Sinemet ko Madopar ko wasu sunayen. Tun ƙarshen shekarun 1960 da aikin George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a yi amfani da shi, har yau babu wanda ya fi shi. Amma ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. A farkon ciwo ƙwaƙwalwa tana iya adana shi, don haka ko an makara ba a gani. In shekaru suka yi nisa ma'ajiyar ta ƙare, sai jiki ya koma rayuwa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. A wannan mataki, fashin kwana biyu ya isa ya kwantar da mutum.

Na san ba sakaci ne ke kawo fashin ba a yawancin gidaje. Maganin yana da tsada, kuma ba kowane kanti ake samunsa ba. Wani sai ya aika birni, wani sai ɗansa ya samu albashi. Sai a fara raba ƙwaya biyu, ko a koma sau ɗaya a rana don ta kai ƙarshen wata, a ɓoye wa likita don kunya. Don Allah kada ku ɓoye mana. In mun sani za mu iya tsara abin da aljihu zai ɗauka, ba mu riƙa neman ciwon da babu ba. Ku kuma dubi lambar da ke jikin kwalin duk lokacin da kuka sayo sabo. Akwai mai miligiram 100, akwai mai 250, akwai wanda aka yi shi ya narke a hankali. In aka sauya ɗaya da ɗaya ba da sani ba, ko dai jiki ya sandare don maganin ya yi kaɗan, ko ya kama murɗe-murɗe da gane-gane don ya yi yawa. Ku duba lambar NAFDAC, ku kuma dage da saye a wuri ɗaya amintacce.

Tsayar da maganin gaba ɗaya lokaci guda shi ne mafi haɗari. Yana iya jawo wani hali da likitocin Japan suka bayyana a 1981: zafin jiki mai tsanani, tsokoki su ƙage, gumi, hankali ya gushe, naman jiki ya fara lalacewa har ya toshe ƙoda. Yana kisa. Kuma da yake da zazzaɓi yake zuwa, a ƙasarmu sai a yi ta maganin maleriya da taifot, ba wanda ya tambaya yaushe rabonsa da maganinsa. Duk wanda ya ce muku a ajiye na asibiti a gwada na gargajiya na mako guda, ku tuna da wannan.

Abokan aikina ma'aikatan jinya, wannan gaɓar tamu ce. A ɗakin kwanciya mun saba rabon magani da safe da rana da dare, lokacin da zagaye ya zo. Mai Parkinson kuwa in ƙarfe shida da goma da biyu da shida yake sha a gida, haka jikinsa ya saba, kuma jinkirin awa biyu na iya hana shi haɗiye ƙwayar in ta iso. A Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta sa ma'auni cewa a ba shi lebodofa cikin minti 30 na lokacin da aka rubuta masa. In an ce kada ya ci komai don za a yi tiyata, a tambayi likita game da wannan magani musamman, domin galibi ana barin a sha shi da ɗan kurɓin ruwa. In haɗiya ta gagara, akwai robar hanci. Kada a rubuta "ya kasa sha" a wuce gado na gaba.

Ga kuma azumi. Kowace shekara iyayenmu sukan ce, "Ni ban taɓa shan azumi ba tun ina yaro." Ina girmama wannan zuciya ƙwarai. Amma wanda ke shan magani kowace awa huɗu, in ya wuni awa goma sha uku ko sha huɗu babu shi, kuma babu ruwa, a zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai da kan haura digiri 40 a bazara, ya haɗa haɗari biyu wuri guda. Addini ya yi wa maras lafiya rangwame, malamanmu kuma sun san hukuncin ramuwa da na ciyarwa. A zauna da likita da malami wata guda kafin Ramadan. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba ana iya gyara masa tsari ya yi azuminsa; wanda ya yi nisa a gaya masa gaskiya cikin ladabi. Maniyyaci ma ya tafi da maganin da zai ishe shi har da rara, a jakar hannunsa, ya kuma tuna agogon Makka ya riga namu da awa biyu. Rashin ruwa a jiki yana da wata illa: cutar da maganinta suna sa jini ya sauka in mutum ya miƙe tsaye, in kuma yana shan maganin hawan jini abin ya ƙaru. Shi ne za ka ga ya tashi daga tabarma ya ga duhu ya zube. A auna jininsa a kwance, a sake aunawa a tsaye.

Akwai abin da kunya ke hana a faɗa, wato bayan gida. Taurin bayan gida yana tare da wannan cuta, sau da yawa ma yana riga karkarwa zuwa da shekaru. Maganin lebodofa ba a tumbi yake shiga jini ba, sai ya gangara ƙaramin hanji. In ciki ya cushe, kwana biyar ko mako ba a zagaya ba, ƙwayar sai ta yi ta zama a sama tana lalacewa, mutum yana sha kamar ba ya sha. Wani lokaci ma ruwa-ruwa ke tsiyayowa ta gefen abin da ya toshe, iyali su ɗauka gudawa ce su ba da maganin tsayar da ita. Ɗa ba ya iya tambayar mahaifinsa wannan, na sani, to a samu wanda zai iya: matarsa, ko ƙaninsa, ko jika. Ruwa isasshe, zogale, rama, kuɓewa, gwanda, ɗan tattaki, da maganin sassauta ciki in likita ya rubuta.

Abinci ma yana da hannu. Nama da kifi da ƙwai da wake da nono suna ɗauke da furotin, wanda ke tsere da maganin a ƙofar shiga jini da ƙofar shiga ƙwaƙwalwa. Wanda ya kora ƙwayarsa da fura da nono, ko ya sha ta a kan ƙosai da alale, zai iya ganin ba ta kama shi ba. Ba cewa na yi a hana shi waɗannan ba, yana buƙatarsu. A dai sha maganin rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wanda 'ya'ya kan sayo don sun ga Baba ya rame, shi ma yana riƙe maganin a hanji, sai a raba su da awa biyu ko fiye.

Game da ruɗewa, in dattijo ya fara ganin yara a ɗaki ko mutane a bakin ƙofa, ko ya daina gane matarsa, maganar iska ko sammu ce ke fara zuwa bakin mutane. Ku yi addu'a, ba mai hana ku, amma a ranar ku kai shi asibiti. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, tana zuwa tana tafiya, ta fi tsanani da dare, alama ce ta ciwo a jiki ko illar magani. Wanda na fi zargi shi ne Artane, wanda wasu suka sani da Exol, ƙwayar nan da matasa ke shaye-shaye da ita. Tana da araha, tana rage karkarwa, don haka ake yawan ba da ita. Amma a jikin tsoho tana kawo mantuwa da gane-gane, ta busar da baki, ta ɗaure ciki, ta riƙe fitsari. Ita ma ba a yanke ta lokaci guda, a hankali likita ke janye ta.

Wata tambaya da ba na mantawa: ya faɗi a 'yan makonnin nan? Masu wannan ciwo suna yawan faɗuwa, kuma ba sa iya kai hannu da sauri su kare kai. Jini kan taru a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, alamarsa ba ta bayyana sai bayan mako biyu ko wata guda, lokacin kowa ya manta da faɗuwar da aka yi a banɗaki. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke nuna shi, irin wanda ake ɗauka a manyan asibitocin koyarwa kamar na Kano da Shika da Sakkwato, tiyata kuma na iya dawo da mutum hayyacinsa. In kuwa baki ya karkace, ko ɓari guda ya saki nan take, ko magana ta ɗauke, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, ba a kwana da ita a gida. Mai ciwon suga a auna sugansa kafin komai.

Ba zan wuce ban ambaci zuciya ba. Rasuwar abokin zama, zaman makoki na kwanaki ba barci, rigimar gado, ɗa da ya shiga matsala, duk suna ƙara karkarwa da sandarewa a fili. Sai dai kada a jingina komai ga baƙin ciki kafin a duba jiki, domin a hidimar makoki ne aka fi mantawa da lokacin maganinsa da kofin ruwansa.

Akwai wani sauyin da ya bambanta da duk waɗannan. Bayan shekara huɗu zuwa shida ana shan lebodofa, kusan mutum huɗu cikin goma sukan fara ganin ƙarfinsa na ƙarewa kafin lokacin na gaba: da hantsi garau, kafin azahar ƙafa ta manne a ƙasa, in ya sha bayan rabin awa ya warware. Wannan yana da tsari, kullum a lokaci guda yake zuwa, kuma gyaran jadawali yake buƙata a ranar ganin likita. Ku samu ɗan littafi ku rubuta na kwana uku: lokacin sha, lokacin cin abinci, lokacin da jiki ya saki, lokacin da ya ɗaure. Wannan takarda ta fi mana amfani da dogon labari. Wanda kuwa ya sha maganinsa a kan lokaci bai motsa shi ba kwana ɗaya, biyu, ko ya haɗa da zafin jiki, ko ruɗewa, ko kasa haɗiya, ko ɗaukewar fitsari, wannan na ɗakin gaggawa ne, ba a jira ranar da aka rubuta a kati. Kada ku ninka masa ƙwaya da kanku. Ku zuba duk abin da yake sha a leda ku taho da shi, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, har wanda aka fara jiya. Ku kuma rubuta wata 'yar takarda ta zauna a aljihun rigarsa: sunan cutar, sunan maganinsa da lokutansa, da sunayen nan da na ambata waɗanda ba a ba shi.

In an gano baƙon an kore shi, kada ku zaci ranar da zazzaɓi ya sauka ranar zai miƙe. Ƙwayoyin cuta kan mutu cikin mako guda, amma ƙafa da hankali sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, wasu kuma ba sa komawa daidai inda suke, musamman in an daɗe ba a kawo su ba. Kwanciyar ita kanta tana cinye tsoka, tana kawo gyambo a ɗuwawu da diddige. Saboda haka tun yana gadon asibiti a fara zaunar da shi, a riƙa juya shi kowace awa biyu in ba ya iyawa, a nemi masu gashin ƙashi su koya muku yadda ake tayar da shi ba tare da an ja hannunsa ba. In an koma gida, yau daga gado zuwa ƙofar ɗaki, gobe zuwa tsakar gida, jibi zuwa zaure, mutum ɗaya a gefensa yana ƙirga masa taku da ƙarfi, domin ƙirgen yana taimaka wa ƙafar da ta manne ta ɗaga.

Na ga wasu sun ɗaga hannu tun ina maganar azumi. Bismillah, mu fara da Hajiya da ke sahun gaba.